Shawara: Ɗana yana KG1, kullum sai ya ce wasa suka yi

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina zaune a Aboabo a Kumasi, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Ɗana na fari shekararsa huɗu da wata bakwai, yana KG1, ajin farko na ƙananan yara kafin firamare, a makarantar gwamnati ta unguwarmu, yanzu suna zangon karatu na biyu. Kullum na tambaye shi me aka koya musu sai ya ce wasa. Ba ya zuwa da aikin gida. 'Yar maƙwabciyata sa'arsa ce, tana makarantar kuɗi, tana rubuta 1 zuwa 100. Ƙanwar maigidana ce take kai shi take ɗauko shi, ta ce Madam ta ce ba ya magana a aji, in an tambaye shi sai ya sunkuyar da kai, alhali a gida ba ya rufe baki. Turancina ba shi da ƙarfi, shi ya sa nake jin nauyin zuwa. Babansa ya ce a cire shi a kai shi makarantar kuɗi. Me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Kada ki cire shi tukuna. Duk abin da kika sani game da ajin nan ta bakin wasu ya zo miki: Madam ta faɗa wa ƙanwar maigida, ita ta faɗa miki, ke kika faɗa wa maigida. Ba a yanke wa yaro hukuncin sauya makaranta a kan magana mai hawa uku. Kafin ƙarshen watan nan ki je da ƙafarki ki ga ajin, ki zauna da malamarsa. Za mu gaya miki yadda za ki yi, amma bari mu fara da abin da ya fi tayar miki da hankali.

Da ya ce miki wasa suka yi, gaskiya ya faɗa, kuma abin da aka ɗora wa malamar ke nan. Tun gyaran ilimi na 2007 shekara biyu na KG suka shiga cikin karatun farko da ya wajaba a Ghana, na yara 'yan shekara 4 da 5. Manhajar da hukumar tsara manhaja ta NaCCA ta fitar a 2019 kuwa a kan wasa aka gina ta. Ana tafiya da yara jigo bayan jigo: jikina da kaina, iyalina, ɗabi'u da imani, unguwarmu, ƙasata Ghana, abubuwan da ke kewaye da mu, sai duniya baki ɗaya. A ajin da ke bin wannan tsarin, da safe yara suna zama a da'ira su yi gaisuwa da waƙa, a faɗi sunan ranar, a duba ko rana ake yi ko hadari. Daga nan su watsu zuwa kusurwoyin aji. Nan akwai ɗan kanti da gwangwanayen madara da kwalayen ashana, can littattafan hoto, can kuma tire mai yashi da ake zana harafi da yatsa. Yaron da ya tsaya a kantin nan ya ce a ba shi gwangwani uku, ya ƙirga marfin kwalba uku ya biya, lissafi ya yi, ya yi magana, ya kuma jira har aka zo kansa. In kin tambaye shi da yamma zai ce wasa.

Maganar 1 zuwa 100 kuma, ki gwada wani abu a daren yau. Ki zuba marfin kwalba guda tara a tabarma, ki ce masa, ba ni biyar. Ki zuba ido ga yatsansa. Yaron da ya gane ƙirga zai taɓa kowane marfi sau ɗaya, lamba ɗaya ga marfi ɗaya, ya tsaya a biyar. In kika ce nawa ne, zai ce biyar ba tare da ya sake farawa daga ɗaya ba. Wanda haddar lambobi kawai ya yi, bakinsa yana riga yatsansa, ya kai bakwai alhali marfi huɗu ya taɓa, ko ya kwaso duka ya miƙa miki. Yara da yawa suna cika shafi da lambobi har ɗari su kasa wannan, domin kwafar siffar lamba daban, sanin cewa 5 tana nufin abu biyar daban. Ba mu ce 'yar maƙwabciyarki ba ta iya ba, wataƙila ta iya duka biyun. Amma shafin da aka nuna miki bai isa shaida ba. Ɗan shekara huɗu da rabi in ya riƙe ɗaya zuwa goma da ma'anarsu, ya san wane tari ya fi yawa, ya iya ware jajayen marafe daga shuɗɗa, yana kan hanya.

Haka rubutu. Yatsun yaro suna da lokacinsu. Galibi yaro yana iya kwaikwayon da'ira wajen shekara uku, alamar tarawa wajen huɗu, murabba'i tsakanin huɗu da biyar, mai kusurwa uku wajen biyar. Haruffa daga waɗannan layukan ake haɗa su. In aka danƙa wa yaro fensir aka ce ya cika layi ashirin kafin hannunsa ya kai, sai ya damƙe shi da tafin hannu gaba ɗaya, ya danna har takarda ta huje, hannun ya gaji cikin minti uku, ya fara kuka. Riƙon da ya saba da shi a haka yana da wuyar gyarawa a aji ɗaya da aji biyu, kuma ƙiyayyar rubutu daga nan take farawa. Shi ya sa rashin aikin gida a KG1 bai dame mu ba ko kaɗan.

Shirun da yake yi a aji shi ne abin da muke so ki fi ba muhimmanci, kuma muna kyautata zaton harshe ne. Tsarin ƙasa shi ne a koyar da ƙananan yara da harshen gida tare da Turanci. Hausa kuma ba ta cikin harsunan da gwamnati ta amince a koyar da su. A Kumasi abin da zai ji a aji shi ne Tuwi na Asante, Tonancin da muke cewa, sai Turanci. To yaron da ya tashi da Hausa a ɗaki ya shiga aji ya tarar da harsuna biyu lokaci guda. Ko da yana tsintar Tonanci a layi wajen wasa, na aji daban ne, akwai umarni da tambaya, ga kuma idon yara da yawa a kansa. Sananne ne ga masu koyar da ƙananan yara cewa yaron da ya faɗa cikin sabon harshe yakan yi shiru na makonni, wani har watanni, yana saurare yana tarawa. Alamar cewa shirun na lafiya ne ita ce yana bin abin da ake yi: in an ce a tashi ya tashi, yana motsa baki lokacin waƙa, yana magana da yaran Zango masu jin Hausa a filin wasa, yana dawowa gida da guntun waƙoƙin da ba ki san su ba.

Kada wannan ya sa ku daina yi masa Hausa a gida. Wasu iyaye sukan koma yi wa yaro guntun Turanci don su taimake shi, sai ya tashi bai ƙware a ko ɗaya ba. Ki yi masa Hausa mai yawa, mai daɗi, da tatsuniya da kacici-kacici. Yaron da ya san ma'anar nauyi da sauƙi, gaba da baya, jiya da gobe a harshen uwarsa, sabon suna kawai zai ɗora musu a makaranta.

Duk da haka ki duba kunnensa. Ki tsaya a bayansa kamar taku uku, inda ba ya ganin bakinki, ki kira sunansa a hankali ko ki ce ga alewa. Ki lura ko yana yawan cewa na'am, me kika ce, ko yana matsawa jikin talabijin, ko kunnen ya taɓa zubar da ruwa, ko kullum cikin mura yake yana barci baki buɗe. Ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura yana rage ji ba tare da ciwo ba, kuma a ɗaki mai tsit ba a ganewa, sai a aji mai hayaniya. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki ɗauki littafin awonsa da katin inshorar lafiya ki kai shi asibiti, in da bukata za su tura ku sashen kunne na asibitin Komfo Anokye a auna jinsa.

Yanzu zuwa wurin Madam. Nauyin da kike ji mun gane shi, amma ba da Turanci ake zama uwa ba. Ke mai sayar da atamfa a Kejetia, Tonancin ciniki yana bakinki, kuma mafi yawan malamai a Kumasi da shi za su amsa miki. In ta kasance ba ta ji, ko ke kika ga zai yi miki ƙaranci, ki tafi da babba wanda kika yarda da shi ya yi tafinta. Kada ki sa yaro ɗan firamare ya fassara maganar ƙaninsa, zai rage wani abu ya ƙara wani.

Lokaci shi ne abin da iyaye suka fi kuskurewa. Da safe malamar KG tana karɓar yara a ƙofa, wannan yana kuka, wancan ya zubar da koko a riga, ga rajista ba ta kira ba. Duk wanda ya tsayar da ita a wannan lokacin amsar tsaye zai samu, irin ta "yana ƙoƙari". Ki aika ƙanwar maigida ta ce maman yaro tana roƙon minti goma bayan an tashi, wace rana ce ta fi mata sauƙi. Ranar ki bar wa maƙwabciyar rumfa amanar kaya na awa biyu. Ki fara biyawa ofishin shugaban makaranta ki gaishe shi, ki ce kina so ki ɗan leƙa ajin kafin a tashi. Ba makarantar kirki da za ta hana uwa wannan.

In kin shiga, ki duba ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yaro. Akwai zanen yara a bango, ko takardun da aka sayo kawai aka manna can sama? Akwai abin taɓawa, marafe, tsakuwa, sanduna, littafin hoto? Muryar wa ta fi yawa, ta yara ko ta malama ita kaɗai? Ina bayan gida, akwai ruwa da sabulu kusa? Ki ƙirga yaran da ido. In sun yi wa malama ɗaya yawa, yaro mai shiru shi ne na farko da yake ɓacewa a cikinsu, kuma wannan dalili ne na ki sa ta san fuskarki.

Ki fara da godiya, ba don a yi mata daɗin baki ba, aikin yana da wuya. Sannan ki ba ta abin da ba ta da shi. Ki gaya mata Hausa yake ji a gida kuma surutu gare shi. Ki gaya mata sunan da ake kiransa da shi a ɗaki, domin yaran Zango da yawa sunan rajista daban, na gida daban, sai a yi ta kiran yaro bai san da shi ake ba. Ki gaya mata abin da yake so, mota ce ko ƙwallo ko akuya, da abin da yake tsoro. Ki rubuta mata ko ki faɗa mata kalmomi kaɗan da zai iya bukata: ruwa, fitsari, kashi, ciwo, yunwa. Yaron da bai san yadda zai ce fitsari yake ji ba zai riƙe har ya jiƙa wando, yara su yi dariya, ya ƙara rufe baki mako guda.

Tambayar "yaya yake yi" kuwa ki bar ta a gida. Ki tambayi abin da sai wanda ya lura zai iya amsawa. Da wa yake wasa? Wace kusurwa yake zuwa in an sake su? In kin ba da umarni da Tonanci yana bi, ko sai ya kalli abin da wasu suka yi? Yana cin abincin rana? Wane jigo kuke kai yanzu, wace waƙa kuke yi? A KG ba a dogara da jarrabawar takarda, malama tana lura ne tana ajiye aikin yaro, don haka ki roƙi ta nuna miki zanensa na farkon shekara da na makon nan ki ajiye su gefe da gefe. Nan za ki ga ko ana tafiya. Daga ƙarshe ki ce, wane abu ɗaya kike so in riƙa yi da shi a gida? Ɗaya tak. Ke ma ki roƙi abu ɗaya: ta zaunar da shi kusa da ita lokacin da'ira, gefen yaron da ke jin Hausa da Tonanci, ta fara yi masa tambayar da zai amsa da nuni ko da kalma guda, kada ta tsayar da shi gaban aji.

Zama ɗaya ba ya isa. Ku yi yarjejeniya mai sauƙi kafin ki tashi. Ki karɓi lambarta, ki tambayi lokacin da ba ta damu a aiko mata saƙo ba, ki ba ta lamba biyu, taki da ta wanda zai ɗauka in kina cikin hayaniyar kasuwa. Saƙon murya a WhatsApp ya fi muku, tunda babu rubutu a ciki. Sau ɗaya a mako, ranar Alhamis misali, kada ya wuce minti ɗaya, kada ya wuce ƙarfe bakwai na yamma. In akwai zauren iyaye na aji, na sanarwa ne. Matsalar ɗanki ta keɓe ce, in kika kai ta zaure malama za ta ji an tozarta ta, ta shiga kare kanta. Duk ranar da wani abu ya canja a gida, an yi haihuwa, an yi rasuwa, babansa ya yi tafiya, ya kwana da zazzaɓi, ki sanar da ita da safe ko da jimla ɗaya ce ta bakin mai kai shi. Ki kuma gaya wa ƙanwar maigida ta riƙa kawo miki maganar Madam yadda aka faɗe ta, kuma ba a gaban yaron ba. Yaron da ya ji ana cewa ba ya magana, sai ya ɗauka sunansa ke nan. Taron iyaye da malamai in an kira, ko ke ko babansa wani ya je.

A gida minti goma zuwa sha biyar ya wadatar, kuma ba sai an zauna a tebur ba. In kin sayo ƙosai, ya ƙirga ya raba wa mutanen ɗaki bibbiyu. Ƙyallayen atamfar da suke ragowa a rumfarki kayan karatu ne: ya ware su launi-launi, ya jera daga ƙarami zuwa babba, ya nemo masu zane iri ɗaya. Don ƙarfin yatsu, ya tsince wake, ya yayyaga tsohuwar takarda, ya zura igiya a marafen da aka huda, ya maƙala abin shanya a bakin bokiti, ya ɓalle maɓallin rigarsa da kansa. In ya nemi rubutu ki ba shi guntun alli ko guntun fensirin launi, gajere yana tilasta yatsu uku su riƙe. Maimakon me aka koya muku, ki ce wa ya zauna kusa da kai yau, me kuka ci, koya mini waƙar da kuka yi. Kada ki tare shi da tambaya yana shigowa, bari ya ci ya huta, lokacin wanka bakin yara ya fi buɗewa.

In yana zuwa makarantar allo da yamma ko Asabar da Lahadi, ya ci gaba, haddar da yake yi tana horar da kunnensa. Sai dai za ki iya ganin ya fara rubutun boko daga dama, tunda Larabci daga can yake tashi. Ba matsala ba ce. Ki sa ɗigo a gefen hagu na takarda ki ce daga nan motar boko take tashi. Juya b da d, ko rubuta 3 a baibai, abu ne da ake gani har wajen shekara bakwai, ba abin duka ba ne. Abin da za ki lissafa shi ne barci. Yaro mai shekarunsa yana bukatar awa 10 zuwa 13 a yini da dare. In ana tashinsa ƙarfe shida, ya kamata takwas ta same shi a kwance. Gidan haya mai yawan jama'a da talabijin a tsakar gida yana sa wannan wuya, mun sani, amma yaron da ya kwanta ƙarfe sha ɗaya zai zauna a da'ira ido buɗe kai a rufe. Waya kuma kada ta wuce awa ɗaya a rana, kuma a karɓe ta tun kafin isha'i. Ya karya kafin ya fita ko da makarantar tana cikin shirin ciyarwa, domin wannan abincin sai rana ta ɗaga.

Akwai abin da in kin gani, maganar ta canja. In yana dawowa da shaidar bulala, in ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, in kukan safiya yana ƙaruwa maimakon raguwa a wata na biyar, ko kika tarar yaran suna zaune shiru awa da awanni suna kwafar allo da sanda a kan tebur. Hukumar ilimi ta GES ta hana dukan yara a makarantu tun 2017. Ki fara da malama, in ba a gyara ba ki je wurin shugaban makaranta, sannan kwamitin kula da makaranta wanda iyaye suke ciki, sannan ofishin ilimi na Asokore Mampong da Aboabo take ƙarƙashinsa. Ki riƙe ranar da abin ya faru da abin da kika gani da idonki.

Maigida kuma kada ki tare shi da musu, damuwarsa irin taki ce. Ki kira shi ya ga gwajin marafen nan da idonsa, ki ba shi labarin abin da kika gani a aji, ki roƙe shi a ba yaron zuwa ƙarshen zangon karatu na uku. Ku sa alamomi da za ku duba tare: yana da aboki da yake kiran sunansa, yana amsa wa Madam ko da kalma biyu ne, yana ba da bakwai daidai in an ce ya ba da bakwai, yana zana mutum da kai da jiki da hannuwa, yana gane harafin farko na sunansa. Ki tuna masa cewa sauya makaranta a tsakiyar shekara yana nufin sabuwar malama da sababbin yara, kuma galibin makarantun kuɗi Turanci zalla suke yi, shirun zai iya komawa farko. In shekara ta ƙare ba ku ga motsi ba, kuma an duba kunne lafiya, ku nemi wata. A can ma ku tambaya ko tana da rajista da hukumar duba makarantu ta NaSIA, ku shiga ajin KG ɗin ku tsaya minti ashirin kuna kallo kafin ku biya ko sidi ɗaya.